Babi na Shida: Kafin a Soki Hannun Yaro

Duk wanda ya taɓa kai yaro wurin likitan tiyata ya san takardar nan. Likita ya kwantar da yaron, ya danna mararsa, ya sa shi ya yi tari, ya ce gwaiwa ce, aikin ba zai kai awa guda ba, da safe za a yi, kafin la'asar kun koma gida. Uba ya yi ajiyar zuciya. Sai likita ya jawo wata doguwar takarda mai akwatuna, ya bi ta da biro yana ƙyasta wannan yana ƙyasta wancan, biyar ko shida, wani lokaci har goma, ya miƙa ya ce, "Malam, a kai shi ɗakin gwaji, a dawo da sakamako ranar Talata." Uba ya karɓa da hannu bibbiyu. Ba zai tambayi amfanin ko ɗaya ba, domin a tarbiyyarmu tambayar likita dalili kamar raini ce. Sai ya isa tagar biyan kuɗi sannan zai ji nauyin takardar. Can ciki kuwa mutum uku ne a kan yaro ɗan shekara uku: uwa ta danne ƙafafu, nas ta riƙe hannu, mai ɗibar jini yana laluben jijiyar da ba ta fi zaren ɗinki kauri ba. Suka ɗaya, suka biyu, wani lokaci sai a na uku a dace. Ranar aikin, da yaron ya hango farar riga daga nesa sai ya ƙanƙame wuyan uwarsa.

Me aka saya da wannan kuka da wannan kuɗi? Likitocin da ke sa majinyaci barci kafin tiyata sun shafe wajen shekara 40 suna bin wannan tambaya da ƙidaya, kuma amsar da suka samu ba ta yi wa da yawa daga cikinsu daɗi ba, domin ta taɓa abin da aka koya musu tun suna ɗalibai.

Tiyatar da ake yi wa yaro ya kwana a ɗakin uwarsa tsohuwar dabara ce. A shekarar 1909 wani likita a birnin Gilasgo na Sikotland, James Nicoll, ya ba takwarorinsa rahoton ayyuka 8,988 da aka yi wa yara cikin shekara 10 ba tare da an kwantar da su a asibiti ba, irin su gwaiwa da tsagaggen leɓe da karkatacciyar ƙafa. Hujjarsa ita ce ƙaramin yaro ya fi saurin murmurewa a hannun uwarsa fiye da kan gadon asibiti. A zamaninsa babu na'urar da za a zuba wa jini ta fitar da lambobi da kanta. Abin da yake da shi ido ne da hannu da tambayoyin da zai yi wa uwar yaro.

Na'urorin daga baya suka zo. A 1953 Wallace Coulter ya yi rajistar dabarar ƙirga ƙwayoyin jini da lantarki a Amurka, a 1957 kuma aka fara sayar da injin da Leonard Skeggs ya ƙera mai auna sinadaran jini da kansa. Kafin ƙarshen shekarun 1960 kwalbar jini guda tana ba da sakamako 12 a zama ɗaya. Abu ya yi sauƙi, sai ya zama sabo, sabo ya zama ƙa'idar asibiti, har aka manta cewa ba a taɓa gwada amfaninsa ba. Tunanin kuwa mai shiga rai ne: ai sanin halin jinin mutum kafin a yanka shi ba zai cutar ba. A kan wannan aka ɗora wata tsohuwar doka da ta samo asali daga shawarar likitoci biyu na asibitin Mayo, Adams da Lundy, a 1942, cewa kada a sa mutum barci sai himogulobin ɗinsa, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jini, ya kai giram 10, ko kuma PCV ɗinsa, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, ya kai 30. Daga gogewar aiki suka faɗe ta, ba daga gwajin da aka kwatanta rukuni da rukuni ba. Sai a 1988 wani babban taron masana a Amurka ya fito fili ya ce babu wata lamba guda da ta dace da kowa. Duk da haka har gobe za ka ji nas tana cewa, "PCV ɗinsa bai kai talatin ba, ba za a yi ba."

Ƙidayar farko da ta girgiza mutane ta fito a 1985 daga jami'ar Kalifoniya da ke San Firansisko. Kaplan da abokan aikinsa suka bi fayilolin majinyata 2,000 da aka yi wa tiyatar da ba ta gaggawa ba. Suka tarar kashi 60 cikin 100 na gwaje-gwajen babu wani dalili a jikin majinyacin ko a tarihinsa da ya sa aka yi su. A cikin waɗannan, kashi 0.22 ne kacal suka nuna abin da zai iya sauya tsarin aikin. Abin da ya fi ba ni mamaki a rahoton shi ne, ko waɗannan 'yan kaɗan ɗin ba a yi komai a kansu ba, an liƙa takardar a fayil an wuce, kuma babu wanda ya cutu saboda haka.

Game da yara kuwa, a 1991 likitocin babban asibitin yara na Toronto a Kanada, Roy da Lerman da McIntyre, suka ba da rahoton auna himogulobin na yara 2,000 masu ƙoshin lafiya da aka shirya wa ƙananan ayyuka. Goma sha ɗaya ne kawai nasu ya gaza giram 10. Uku aka ɗage wa aiki, sauran takwas aka yi musu a haka, suka tashi lafiya. Ke nan an soki yaro 2,000 domin a jinkirta wa uku. A shekarar 2000 kuma aka buga sakamakon gwajin da ya fi kowane girma, ko da yake a kan tsofaffi masu aikin yanar ido ne: ayyuka sama da 19,000, aka raba su biyu da ƙuri'a, rabi da gwaji rabi babu, matsalolin da aka samu a ɓangarorin suka zo daidai. Daga nan ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta fitar da shawararta a 2002, hukumar NICE ta Ingila ta fitar da tata a 2003, kuma dukansu inda suka dosa ɗaya ne: lafiyayyen mutum da za a yi wa ƙaramin aiki kada a ɗebi jininsa don sabo, sai in tarihinsa ko jikinsa ya ba da dalili.

Wani zai ce to, an ji ba ya amfani sosai, amma ina illar? Illar tana cikin yadda ake tsara ma'aunin kansa. Idan ɗakin gwaji ya rubuta cewa daidai shi ne daga lamba kaza zuwa kaza, ba wahayi aka yi masa ba. Lafiyayyun mutane aka tara aka auna, aka ɗauki kashi 95 na tsakiya aka kira su daidai, aka bar kashi 5 a waje, alhali su ma lafiyarsu ƙalau. Saboda haka duk gwaji ɗaya da ka yi wa lafiyayyen yaro, akwai yiwuwar 1 cikin 20 ya fito da jan layi. Ka yi masa 10, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito a karkace ta kai kashi 40. Ka yi 20, ta kai kashi 64. Wanda ya cika takarda da ƙyasta, kamar mai jefa koma a tafkin da babu kifi ne, dole ya jawo wani abu, amma ciyawa ce da tsumma.

Kuma jan layin nan ba ya tsayawa a takarda. An ɗage aiki, an ce a sake gwaji, a ga wani likitan. Uban da ya bar gonarsa ko rumfarsa ya biya kuɗin mota daga ƙauye zai sake biya. Uwa ta kwana bakwai ba barci tana tunanin wace cuta aka gano a jinin ɗanta. A ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fita, kamar Nijeriya, wasu ba sa dawowa. Gwaiwar tana nan, kuma gwaiwar jariri ba ta jira: hanji na iya maƙalewa a cikinta da tsakar dare, aikin da za a yi cikin natsuwa da safe ya koma na ceton rai. Akwai ma wani abin dariya mai ciwo. Jinin da yaro ke zubarwa a aikin gwaiwa da wuya ya wuce cokali ɗaya ko biyu, don haka ba abin mamaki ba ne wanda aka ɗiba don cika kwalaben gwaji ya kai wanda aikin kansa zai ci.

Inda gardama ta fi zafi shi ne gwajin daskarewar jini, musamman kafin cire tansil, tsokar nan biyu da ke gefen maƙogwaro, da kuma kafin kaciya. Tsoron na gaskiya ne. Zubar jini bayan cire tansil yana faruwa ga 'yan kaɗan cikin kowane ɗari, sau da yawa bayan kwana biyar zuwa goma, lokacin da ɓawon ciwon ya ɓantare, yaro kuma yana gida. Amma mafi yawan waɗanda suka zubar, gwajinsu na kafin aiki lafiya ya nuna, domin matsalar daga raunin take, ba daga jinin ba. Mafi yawan waɗanda gwajinsu ya karkace kuma ba su zubar ba. Yaron da bai daɗe da warkewa daga mura ba, jininsa kan ɗauki wasu sinadaran garkuwa na ɗan lokaci waɗanda ke tsawaita daskarewa a cikin kwalba amma ba a jikinsa ba. Idan aka sha wahalar samun jijiya, ko kwalbar ba ta cika ba, ko ta daɗe a kan teburi cikin zafi, shi ma sakamako ya lalace.

A yi lissafi da himofiliya, cutar da jini ba ya tsayawa, wadda kusan namiji 1 cikin 5,000 ake haihuwa da babban nau'inta. A gwada yara maza 5,000. Bisa yadda aka tsara ma'aunin, wajen 125 za su haura layin sama suna lafiya lau. Mai cutar ɗaya ne a cikin 5,000 ɗin, kuma idan mai tsanani ce, da wuya ya kai shekara uku gidansu ba su lura ba. Ga kuma ɗaya fuskar. Cutar zubar jini ta gado da ta fi kowace yawa ita ce wadda likitan Finlan Erik von Willebrand ya bayyana a 1926, bayan ya duba wata yarinya 'yar shekara biyar daga tsibiran Åland wadda 'yan uwanta mata suka mutu da zubar jini. Mai sassauƙan nau'in wannan cuta kan tsallake gwaje-gwajen da aka saba yi sumul. Ke nan gwajin yana kama wanda ba shi da laifi, yana sakin wanda ake nema, ya kuma bar likita da natsuwar ƙarya. A 2006 ƙungiyoyin likitocin yara da na kunne da maƙogwaro da na sa barci a Jamus suka haɗu suka ce a daina shi kafin cire tansil matuƙar an yi tambayoyi a tsanake ba a ji abin shakka ba.

Tambayoyi, ashe. Shekara dubu da suka wuce, babban likitan tiyata na Ƙurɗuba a Andalus, Abul Ƙasim Azzahrawi, ya kawo a littafinsa Attasrif labarin wasu mutane da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ɗan rauni kaɗan. Bai ga digon jini a madubin likita ba, labarin dangi ya saurara ya gane cewa abin gado ne. Har yau wannan hanya ta fi kwalba kaifi. Da cibiyarsa ta faɗi, ta yi ta tsattsafo da jini? Wurin allurar rigakafi ya taɓa kumbura ya yi baƙi? Yana yawan haɓo, kuma idan ya fara yana daɗewa? Da ya yi famfara ko ya ciji harshe, jinin ya tsaya da wuri? Gwiwarsa ta taɓa kumbura ba tare da faɗuwar kirki ba? Ke Maman yaro, al'adarki tana yawa, an taɓa ƙara miki jini bayan haihuwa? Auren zumunci ne tsakaninku? Sannan tambayar da ta fi kowace nauyi ga ɗa namiji, tunda himofiliya ta wajen uwa take bi: a cikin kawunnansa akwai wanda ya wahala ko ya rasu bayan kaciya?

A nan ne nake ganin muna da abin da Bature ba shi da shi, amma ba ma amfani da shi. Yaronmu da wuya ya zo asibiti shi da uwarsa kawai, akwai kaka a biye, kuma kaka ita ce fayil ɗin gida. Idan likita ya juya ya ce, "Inna, a danginku akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa?" za ta iya ba shi labarin shekara 50, da sunan wanzamin da unguwar da abin ya faru. Ban da haka, da yawa daga yaranmu aska ta riga ta taɓa su tun ranar suna, ko an cire beli, ko an yi tsaga. Ba yabon cire beli nake ba, al'ada ce da ke kashe jarirai da zubar jini da ƙwayoyin cuta, kuma likitoci sun daɗe suna roƙon a bar ta. Amma tunda an riga an yi, yadda jinin ya tsaya ko ya ƙi tsayawa a ranar shaida ce. Abin takaici, uwa kan ɓoye don kada a yi mata faɗa, likita kuma ba ya tambaya don yana da mutum 60 a layi.

Tambaya tana da iyaka, gaskiya ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu himofiliya babu kowa a danginsu da aka sani da ita, kuma jaririn da bai fara tafiya ba bai faɗi ba balle a ga yadda jikinsa ke yi da rauni. Wannan ya sa ƙungiyar likitocin sa barci ta Faransa, a shawararta ta 2012, ta ware yaron da bai fara tafiya ba ta ce shi a gwada daskarewar jininsa. Ba kowace ƙasa ce ta bi su ba, amma hujjarsu ta tsaya da ƙafarta: inda tarihi bai samu damar magana ba, sai a tambayi kwalba.

Sai dai fa Kano ba Toronto ba ce, Maraɗi ba San Firansisko ba ce. Duk ƙidayar da na kawo an yi ta ne a kan mutanen da suka ƙoshi, sauro bai san su ba. Wanda ya kwafo hukuncin ya manta da mutanen da aka yanke shi a kansu ya yi rabin karatu. Amfanin gwaji yana tafiya ne da yawan abin da ake nema a cikin waɗanda ake gwadawa. A Toronto an samu ƙarancin jini a yaro 1 cikin kusan 200. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya samu ƙarancin jini a kashi 68 cikin 100 na yara daga wata 6 zuwa wata 59. Ma'aunin nasu ya ɗan fi na Toronto tsauri, giram 11 ne a maimakon 10, amma ko an rage, tazarar ba ta misaltuwa. Dalilan kowa ya san su: zazzaɓin cizon sauro da ke fasa jajayen ƙwayoyin jini, musamman daga tsakiyar damina zuwa kaka, tsutsar ciki, tsargiya ga masu wanka a kududdufi, tamowa, da kunun da aka yaye yaro a kansa babu nama babu wake. Duba tafin hannu da fatar ido yana kama wanda jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, amma na tsaka-tsaki yakan wuce.

Saboda haka ina tare da likitocinmu da suka riƙe PCV. Digo ne daga yatsa, minti kaɗan, kuɗi kaɗan, kuma ana iya yin sa da safiyar aikin. Inda na rabu da wasunsu shi ne abin da ake yi da lambar. Yaro mai kuzari da PCV 28 wanda za a yi wa aikin da ba a zubar da jini, babu shaidar cewa barcin zai cutar da shi, kuma mayar da shi gida da gwaiwa ba tare da magani ba, a ce ya dawo idan jini ya ƙaru, ba kariya ba ce. Abin da lambar ta ce shi ne a nemi dalili: a gwada zazzaɓi, a ba da maganin tsutsa da na ƙarin jini, a yi wa uwa bayanin abinci. Aikin da zai iya jira, kamar kaciya, ya jira makonni. Wanda jinkirinsa ke da haɗari a auna a yi. Sau da yawa ma wannan ne karo na farko da wani ya taɓa auna jinin yaron, don haka ribar ta wuce ɗakin tiyata.

Gwaji na biyu da na riƙe shi ne jinotayif, kuma shi ba na sassauci a kansa. Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haihuwa da ita duk shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. A Ingila da Amurka, tun wajen 2006 kowane jariri ana tsikarar dunduniyarsa a makon haihuwa, don haka likitansu ba ya buƙatar sabon gwaji, buɗe fayil kawai zai yi. Mu kuwa yaro kan kai shekara biyu ko uku ba a sani ba. A watannin farko jinin da ya fito da shi daga ciki yana kare shi, alamu ba sa bayyana sai wajen wata shida, kuma ko sun bayyana, kumburin hannu da ƙafa da shawara da yawan zazzaɓi, akan ce haƙori ne ko amosani a ba shi jiƙo.

Abin da tiyata ke tattarowa kuwa shi ne daidai abin da sikila ba ta so: ƙishirwar azumin kafin aiki, sanyin ɗakin tiyata, raguwar oksijin, da zafin ciwon da ke hana yaro jan numfashi sosai. Mafi munin abin da ke biyo baya shi ne toshewar jijiyoyin huhu, mai zuwa da zazzaɓi da ciwon ƙirji da haki, kuma yawanci kwana ɗaya zuwa uku bayan aiki yake tasowa. Yaron tiyatar yini guda a lokacin yana gida, wataƙila tafiyar awa biyu daga inda ake da oksijin. A nan sakamakon gwaji yana sauya komai: a sa masa ruwa ta jijiya, a ɗumama shi, a ba shi oksijin, a kwantar da shi maimakon sallama, a wasu ayyukan a ƙara masa jini tukuna. Wani bincike da likitocin Ingila suka jagoranta, wanda mujallar Lancet ta buga a 2013, dole aka tsayar da shi kafin lokaci, domin masu sikilar da ba a ƙara wa jini kafin aiki ba sun fi samun wannan matsalar huhu nesa ba kusa ba. Ga gwajin da ya cancanci kuka da kuɗi. Kuma sau ɗaya ake yin sa a rayuwa, matuƙar a wurin kirki aka yi, yaron ya wuce wata shida, ba a kuma ƙara masa jini cikin wata uku da suka wuce ba. Mai AS kuwa iyayensa su kwantar da hankali, a ƙaramin aiki kulawar da ake yi wa kowa ta ishe shi.

Akwai yaran da ko a ina suke ba a gardama a kansu. Bakwaini na gaba: jaririn da aka haifa kafin lokaci yakan yi ɗauke numfashi bayan maganin barci, ƙarancin jini kuma yana ƙara haɗarin, shi ya sa ake auna jininsa kuma ba a sallamarsa a ranar sai ya yi ƙwari. Haka mai ciwon zuciya ko ƙoda ko hanta, mai shan magani na dogon lokaci, mai gudawa da amai, da wanda aikinsa babba ne da za a iya buƙatar jini. Waɗannan gwajinsu amsa ce ga tambayar da jikinsu ya riga ya yi.

Sauran akwatunan takardar fa? Gishirin jini, aikin hanta, aikin ƙoda, sukari, ga lafiyayyen yaron da ke wasan ƙasa jiya, ban ga hujjarsu ba. Gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da wasu asibitoci ke sa wa kowa, a gaskiya ma'aikata ake son karewa, kuma ina tausaya musu, amma ƙa'idar aikin ita ce a ɗauki jinin kowa a matsayin mai haɗari a sa safar hannu, ba a ɗora wa uba kuɗin natsuwar likita ba tare da an ma gaya masa abin da ake gwadawa ba.

Me ya sa takardar ta ƙi gajarta? Likitan tiyata yana ƙyastawa don kada likitan barci ya soke masa aiki da safe, likitan barci yana nema don ya ga an saba kawowa, ƙaramin likita yana cikewa don kada babba ya tsare shi da ido a zagayen safe. Akwai tsoron kada wani abu ya faru a ce ba a yi gwaji ba, ko da yake sakamakon da aka karɓa aka liƙa ba a karanta ba ya fi zama abin tuhuma. A wasu wurare kuma, mu faɗi gaskiya, ɗakin gwajin na mai asibitin ne. Kuɗin da ake zubawa a nan da an sayi na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana nuna oksijin, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin sharuɗɗan tiyata tun 2008, da an fi tsare rayuka, domin abin da ya fi yi wa yara barazana a ƙarƙashin maganin barci numfashi ne.

Iyaye, ga naku. Ku tafi da katin rigakafi da takardar jinotayif idan akwai, ku tafi da wanda ya san tarihin gida. Ku faɗi abin da wanzami ya yi da jiƙon da aka ba yaro, ko za a yi muku faɗa. Idan yana mura ko tari ko zazzaɓi a makon aikin ku faɗa tun kafin a tambaya, domin majina a ƙirji ta fi kowace lamba a takarda haɗari. Idan aka miƙo takardar, ba raini ba ne a ce, "Likita, ranka ya daɗe, wanne ne dole a cikinsu?" Kuma a kiyaye azumin da aka gindaya, a kuma tsare kaka mai tausayi kada ta ɗura masa wani abu a ɓoye don ya yi kuka. Abin da aka saba shi ne awa 6 ga abinci da madarar gwangwani, awa 4 ga nonon uwa, awa 2 ga farin ruwa. Kunu da koko abinci ne, ba ruwa ba.